Karayar da na ɓoye a Katsina, a filin ƙwallon Maraɗi na buɗe ta

Assalamu alaikum. Ni Bakatsine ne, a cikin birni aka haife ni a 1993, wajejen Ƙofar Marusa. Sana'ata yanzu fataucin aya ne tsakanin Maraɗi da kasuwar Dawanau ta Kano. Duk wanda ya ga tafiyata zai lura ina ɗan ɗingisa ƙafar dama. Labarin ƙafar nan nake so in ba ku, musamman iyayen yaran da ke buga ƙwallo a filayen unguwa, da kuma wanda wani abu ya katse masa buri ya shige ɗaki ya ja ƙofa.

Tun ina firamare ba ni da zance sai na ƙwallo. Mahaifina tela ne, kuma bai taɓa hana ni ba, sharaɗinsa biyu ne kawai: kada a kira magariba ina fili, kada malamin Islamiyya ya kawo masa ƙarata. Lamba takwas nake bugawa. Ba ni da wani gudun a zo a gani, amma Allah ya ba ni ido. Kafin ƙwallo ta iso ƙafata na riga na san wanda zan ba. Zamanin namu ma ya taimaka wajen hura mana buri. Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar lig ta Najeriya a 2008, a 2009 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, sannan a 2010 Ahmed Musa ya tashi daga Pillars ya tafi Holan. Daga ranar babu yaron Arewa mai takalmin ƙwallo da bai ce shi ma zai iya ba. A watan Maris na shekarar nan muka yi karo-karon kuɗin mota ni da abokaina muka je filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, muka kalli Najeriya da Nijar a wasan neman shiga gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka. Canjaras aka tashi, babu ci, kuma da yake Nijar ta riga ta ci biyu a Yamai, ita ta wuce. Mun dawo Katsina da dare ba mai magana a mota.

A 2014, bayan gasar duniya ta Brazil da Ahmed Musa ya zura wa Ajantina biyu, kocinmu ya samo min hanyar zuwa gwaji a wani kulob na rukuni na biyu. Har an sa rana. Kafin ranar muna da wasan kofin unguwanni, aka sako wata ƙwallo tsakanina da mai tsaron bayansu, na riga shi taɓawa, shi kuma ya shigo da ƙafa a miƙe. Ba na riƙe da shi a zuciya. Har gida ya biyo ni yana kuka. Abin da ya biyo baya shi ne ya kashe min ƙwallo. Wani ya kama diddigena yana ja wai zai mayar da ƙashi mazauninsa. Wani ya fizge min takalmi. Aka ɗora ni a babur, mutum ɗaya a gaba ɗaya a baya, ƙafar tana lilo har ƙofar gidan mai ɗori. Dukkansu masoyana ne, kowa taimako yake so ya yi.

Ba zan zagi masu ɗori ba. Sana'a ce ta gado, kuma na san mutanen da suka warke a hannunsu sumul. Amma hannu ba ya ganin abin da hoto yake gani. An jera min karare aka ɗaure da tsumma tamau. Da dare yatsuna suka yi sanyi suka daina ji, ga azabar da ban taɓa sanin akwai irinta ba. Muka koma, aka ce mu yi haƙuri, ƙashi ne ke kamawa. Haka aka yi ta ɗauri ana kwancewa har fata ta saɓule wurin ya fara wari. Mahaifiyata ce ta tsaya kai da fata ta ce sai an kai ni asibitin ƙashi a Kano. Hoto ya nuna ƙasusuwan ƙwauri biyu duk sun karye, sun hau kan juna, har sun fara haɗewa a karkace. Sai da aka yi aiki aka sake karya su, aka sa ƙarfe, aka daɗe ana yaƙi da ciwon da ya riga ya shiga. Mahaifina ya sayar da keken ɗinkinsa ɗaya, mahaifiyata ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya da awakinta. Likitan da ya yi min aiki ya ce mu gode wa Allah da ba a kai ga yanke ƙafar ba. Na tashi da ƙafa ɗaya ta ɗan fi ɗaya gajarta.

Ciwon jiki ya warke. Abin da ya fi daɗewa yana cina shi ne tausayin mutane. A unguwarmu kowa ya san ni da ƙwallo, saboda haka kowa ya ga ɗingishina sai ya tuna. In na wuce majalisa sai hira ta ɗan tsaya, in na yi gaba in ji an ce, "Allah sarki, da yanzu yana Turai." Tsofaffi mata su tare ni a hanya su yi ta yi min addu'a har idonsu ya kawo ruwa. Ba mai mugun nufi a cikinsu, na sani, amma kowace "Allah sarki" sai ta mayar da ni kan babur ɗin nan. Na daina sa gajeren wando ko a tsakar gida. Na canza hanyar zuwa masallaci don kada in bi ta gaban gidan kallo. In na ji unguwa ta ɗauki ihu an ci ƙwallo sai in ƙara sautin rediyo. Abokan da muka taso tare suka yi ta zuwa suna jana fili, ko kallo ne in yi, ina ba su uzuri har suka gaji suka bari. Kocina ya aiko a ce in zo in riƙa taya shi kula da ƙananan yara, na ce a gaya masa ba na gari. Akwai daren da nake kwance ina tambayar kaina amfanin mutumin da abu ɗaya ya iya a duniya kuma aka karɓe. Sallah da kuma idon mahaifiyata su suka riƙe ni a lokacin.

Kawuna ne ya jawo ni fatauci, ya haɗa ni da wani dattijo dillalin aya a Maraɗi, wanda ya zama mai masaukina. Ƙasar Maraɗi ita ce gidan aya, ana nomanta sosai wajejen Agye da Gazawa, kuma mafi yawanta Najeriya take shigowa. Hanyar ba ta da nisa: Katsina, Jibiya, Magama, ka tsallaka Ɗan Isa, sai Maraɗi. Na fara kama ƙasa sai aka rufe iyakokin Najeriya a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Muka lallaɓa muka sake tashi. Na yi aure, Allah ya ba mu 'ya mace.

A watan Yulin 2023 na yi shigar da ban taɓa yin irinta ba. An cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, Naira tana ta faɗuwa a gaban sefa, na ga in ban yi babban lodi ba riba ba za ta fitar da kuɗin mota ba. Na haɗa jarina da kuɗin wasu 'yan kasuwa da suka yarda da ni, matata ma ta ba ni abin da ta tara na adashi. Na sayi aya, aka auna aka ɗinke buhuna, ana neman motar da za ta ɗauka, sai ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Yamai. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka sa takunkumi, suka ba da wa'adin mako guda. Kafin mu farga an rufe iyaka, an yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Motoci suka yi layi a Ɗan Isa da Magama, masu ɗanyen kaya suna kallon dukiyarsu tana ruɓewa.

Mutum shi kaɗai yana iya bi ta daji a babur ya koma gida, amma ni kayan mutane ne a hannuna. 'Yan fito suna neman kuɗin da ya kusa cinye buhun, ga dajin tsakanin Madarumfa da Jibiya da kowa ya san halin da yake ciki da 'yan bindiga. In sayar a Maraɗi kuma, kowa irin kayana gare shi, farashi ya faɗi warwas. Muka zuba ayar a mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, ga damina, kullum ina ɗaga buhuna ina shinshinawa kada danshi ya shiga. Masu kuɗi suna kira. Matata in ta kira ba ta tambayar kuɗinta, sai ta ce in ci abinci, wannan kuma ya fi yi min nauyi. Ga maganar yaƙi ta cika gari, ana cewa sojojin ECOWAS za su shigo, kuma kowa ya san in za a shigo ta ƙasarmu za a bi. Sai na tsiri zaman ɗaki. Ban faye fita ba sai masallaci da mangaza, ina jin kunyar a ce ga ɗan Najeriya, duk da ba wanda ya taɓa yi min ko kallon banza. Wani maƙwabcin mai masaukina ma cewa ya yi, "Ku da mu duk abu guda ne, sarkinmu ma Sarkin Katsina ake ce mishi. Rigimar manya ce."

Wata ranar Asabar bayan la'asar dattijon nan ya ɗaga labulen ɗakina ya ce, "Kai ɗana, mi kake cikin ɗaki kamar mai takaba? Tashi mu tahi kallon balo, yaran unguwarmu ke wasa." Na ce, "Baba, a yi min haƙuri, ni ba na kallon ƙwallo." Ya ce, "To ka raka ni, idona ba shi gani da nisa, kai ka riƙa hwaɗa mini." Bai san komai game da tarihina ba. Kawuna bai taɓa gaya masa ba, ni ma haka. A wurinsa ni ɗan aya ne mai ɗingishi, ƙila haɗarin babur na yi. Kuma mutumin da yake ciyar da kai ba ya karɓar ko dala, ba ka iya ce masa a'a sau biyu. Na sa takalmi na bi shi, gabana yana faɗuwa.

Gasar unguwanni ce da suke yi duk babban hutun 'yan makaranta, wadda suke kira TGV. Filin wata makaranta ne, yashi zalla, an ja layi da toka, an kewaye da igiya. Dala ashirin, wato sefa ɗari, ake biya a ƙofa, yara kuma sun hau katanga sun jeru. 'Yan mata suna yawo da farantan dafaffiyar gyaɗa da ruwan leda, ruwan ma ba sanyi saboda rashin wuta. 'Yan kabu-kabu sun jera baburansu a bayan raga suna jiran a ci su shigo fili da hon. Can gefe masu kalangu, ga wani saurayi da lasifikar hannu yana ba da labarin wasa yana yi wa kowane ɗan wasa kirari da sunan unguwarsu. Ƙungiya ɗaya ta sa rigar Barcelona, ɗaya ta Chelsea, irin waɗanda ake sarowa daga Kano, lambobin wasu har sun fara ɓarewa. Aka kawo wa dattijon benci saboda girmansa, na zauna kusa da shi.

Abin da na fara lura da shi shi ne ba wanda ya kalle ni. Ba wanda ya taɓa na kusa da shi ya nuna ni da baki. Na zauna a bakin fili ina jiran "Allah sarki", ba ta zo ba. A Katsina ni ne wanda ya kusa zama wani abu. A nan ni baƙo ne da ya biya dala ashirin kamar kowa. Ban san nauyin da nake ɗauke da shi ba sai da na ji an sauke min shi a wurin nan.

Dattijon kuwa baki ya buɗe. Ya ce garinsu garin kokowa ne, in ana gasar takobi ko kasuwa ba ta ci sosai, filin kokowarsu ma sunan shahararren ɗan kokowa Kantu ya ci, amma su ma sun taɓa yin zamani a ƙwallo, don ƙungiyar Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauki kofin gasar lig ta ƙasa a 1983 yana saurayi, ga kuma ƙungiyar Ɗan Kasawa. Ya kawo ranar da Musa Ma'azu ya ci Masar a Yamai a 2010, da yadda Mena, ƙungiyar ƙasarsu, ta je gasar Afirka a 2012 da 2013. Da ya ga ina saurare sai ya juyo da tsokana: "A gasar 'yan wasan cikin gida a Aljeriya bana ma mun kai kusa da ƙarshe. Ghanar da ta hidda ku, ita muka ba biyu da nema." Wani na bayanmu ya ce ai tun 2010 suka fitar da mu a Kano. Ban san lokacin da na ce, "Ina filin ranar" ba. Suka yi dariya, ni ma na yi. Rabon da in yi maganar ƙwallo da wani tun kafin a yi min aiki.

Sai idona ya sauka kan wani yaro a cikin masu rigar Barcelona, siriri, bai wuce shekara sha shida ba, lamba takwas a bayansa. Kafin a ba shi ƙwallo sai ya waiga kafaɗar hagu, ya waiga ta dama, sannan ya karɓa da ƙafar da ke nesa da abokin hamayya. A yashi ƙwallo ba ta gudu, tsayawa take, shi kuma ya gane haka, sai ya riƙa ɗan ɗaga ta sama kaɗan in zai ba da ita. Ba wanda ya koya masa wannan, na tabbata. Na ji ƙafata ta dama tana motsi da kanta a ƙarƙashin benci duk lokacin da ya karɓa. Dattijon yana tambayata wa ya buga, wa ya faɗi, ina gaya masa, har na wuce abin da ya tambaya na fara ce masa lamba biyunsu yana barin bayansa a buɗe, in aka dawo hutu ta nan za a ci su. Aka dawo, ta nan aka ci su. Ya dube ni ya ce, "Ashe kai malamin abin ne," bai ƙara komai ba.

Ana saura kaɗan a tashi, yaran unguwarmu suna neman ramawa, aka sako wata ƙwallo tsakiya. Yaron nan ya tafi, wani ƙato ya taho. Daga inda nake zaune na ji ƙarar, kuma na san ta. Jikina ya mutu. Kalangu ya tsaya, mutane suka tsallake igiya suka yi kansa. Ina hango wani ya durƙusa ya kama diddigensa, wani yana kiran ɗan kabu-kabu ya matso da babur.

Ban san yadda na isa wurin ba, dattijon ya ce bai taɓa zaton ina iya gudu haka ba. Na ture hannun mai jan ƙafar na ce, "Don girman Allah kada wanda ya ja! Ku ba shi iska!" Na durƙusa na riƙe ƙafar a yadda na same ta, hannu ɗaya ƙasan gwiwa ɗaya saman idon sawu. Ƙwaurin ya ɗan lanƙwashe amma ƙashi bai huda fata ba. Na ce a ba ni reza, na yanke igiyar takalmin na buɗe shi sosai ya fita ba tare da an ja ba, na tsaga safar. Na taɓa yatsunsa, da ɗumi, na ce ya motsa su, ya motsa. Na aika aka karɓo kwali wurin mai shago, muka naɗe shi ya zama kamar kwararo, muka shimfiɗa riguna a ciki, muka ɗaure da rawanin wani bawan Allah daga saman gwiwa har ƙasan idon sawu, ba tamau ba, yadda yatsa zai iya shiga. Duk abin nan a gadon asibitin Kano na koye shi, ina kallon yadda ake karɓar waɗanda aka kawo. Yaron yana riƙe da rigata yana cewa, "Yaya, ƙahwata ta tahi ko?" Na ce masa, "Ba ta tafi ba, ƙanena. Ka kalle ni, kada ka kalli ƙafar."

Sai ga baffansa ya iso, an kira shi daga kasuwa. Ya ce a ɗauko shi, akwai mai ɗorin gidansu da ya gaji abin tun kakanni, asibiti a wannan hali na rashin wuta da tsadar magani wa zai iya. Na ce, "Alhaji, don Allah a fara yin hoto. In an ga yadda ƙashin yake, sai ku yanke shawara." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai likita ne? Daga ina ma kake?" Mutane suka yi tsit. Maganarsa ba ta rasa gaskiya ba, ɗansu ne, ni kuma baƙo ne daga ƙasar da ta yanke musu wuta.

Ban da wata hujja da ta wuce guda ɗaya. Na miƙe na naɗe ƙafar wandona har gwiwa a gaban jama'ar nan duka. Tabon aiki ya taso daga ƙasan gwiwa har kusa da idon sawu, ga ramin da ciwo ya ci, fatar wurin ta yi baƙi ta manne da ƙashi. Ban da matata da iyayena da likitoci ba wanda ya taɓa ganinsa. Na ce, "Alhaji, ni ba likita ba ne. Lamba takwas nake bugawa kamar ɗanka, kuma irin karayarsa na yi. Ba a yi min hoto ba sai da aka makara." Muryata tana rawa. Ya daɗe yana kallon ƙafar. Dattijona ya matso ya dafa shi ya ce, "Ka ji maganar yaron ga. Baƙona ne, na san shi, ba shi ƙarya." Baffan ya ce a kawo adaidaita.

Muka kwantar da shi a kujerar baya, ƙafar a miƙe a kan cinyata. Kafin mu tashi wani ya cire hularsa ya zaga da ita, 'yan kallo da 'yan wasan ɓangare biyu suka yi ta jefa abin da ke aljihunsu, har wanda ya karya shi ya zo ya sa jika guda yana hawaye. Wannan a lokacin da shinkafa da mai suka yi tsadar da ba a saba gani ba. A asibiti injin wuta ne ke aiki, muka jira aka yi hoto. Ƙashi ɗaya ne ya karye, kuma bai goce sosai ba. Likita ya ce da an ja shi ko an ɗauko shi a babur da labari ya canza. Aka gyara aka sa filasta tun daga cinya. Na koma masauki bayan isha, na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba tun 2014. Dattijon ya ji ni, bai shigo ba, sai da safe ya aiko min da fura ya ce in na sha in same shi a zaure. A nan na ba shi labarina tun daga farko.

Bayan kwana kaɗan yaran ƙungiyar suka zo har gida da mai horar da su, wani malamin makaranta, suka ce in riƙa zuwa da yamma ina duba su. Wannan karon ban ce ba na gari ba. Ba na iya buga wasa, amma ina iya tsayawa in nuna wa yaro inda zai sa jikinsa kafin ƙwallo ta zo. Da safe ina mangaza ina juya buhuna, da yamma ina fili, da dare in biya in duba mai karaya, in tabbatar yatsunsa ba su kumbura ba, in hana 'yan dubiya ba da shawarar a fasa filastar a shafa man kaza. Damuwar kaya tana nan ba ta tafi ba, amma na daina kwana ido biyu.

Ayar dai asara aka yi. Da sabuwa ta kusa shigowa kasuwa dole na sayar da tawa a Maraɗi ƙasa da yadda na saya, na canza kuɗin na koma gida ta hanyar da kowa ke bi a lokacin. Na bi masu kuɗi ɗaya bayan ɗaya da takardar lissafi, na ba kowa abin da ya samu, na nemi lokaci a kan saura. Wasu sun yi min uzuri, ɗaya har yau ba ya amsa sallamata da sakin fuska, kuma ban ga laifinsa ba, dukiyarsa ce. Matata ta ce nata a bar shi sai ƙarshe.

Mako na farko da komawata na je gidan tsohon kocina. Ya tsufa, ciwon suga ya taɓa shi. Na ce masa na zo karɓar aikin da ya kira ni tun tuni. Yanzu ina da yara 'yan ƙasa da shekara sha biyar da nake horarwa a wani filin makaranta. Ranar farko da gajeren wando na je. Masu cewa "Allah sarki" sun faɗa, na amsa musu da "Alhamdu lillahi" na ci gaba da jera duwatsun atisaye. Kafin in karɓi yaro sai na je na ga mahaifinsa, na karɓi lambarsa, mun yi magana a kan cewa in tsautsayi ya faru asibiti za mu fara zuwa a yi hoto. A jakata kullum akwai bandeji da almakashi da katako biyu masu faɗi, kuma manyan yaran duk na koya musu yadda ake riƙe ƙafa da abin da ba a yi: ba a ja, ba a murzawa, ba a ɗorawa a babur, in yatsu suka yi sanyi ko suka daina ji a sassauta ɗauri a nufi asibiti ko da tsakar dare ne.

ECOWAS ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairun 2024, aka buɗe iyakar a watan Maris. Da na koma Maraɗi da ɗan jarin da kawuna ya sake haɗa min, yaron ya zo ya same ni a mangaza da ƙafarsa, ba sanda ba ɗingishi. Ya fara gudu a hankali, kuma daga baya ya koma wasa. Baffansa ya aiko min da tiya biyu ta ridi in kai wa iyali. Ni da malamin nan muna ta shirin haɗa yarana da nasa wasan sada zumunci, ko su zo Katsina ko mu je, abin da ke riƙe mu shi ne kuɗin mota da kuma iyayen da ba su yarda 'ya'yansu su bi hanyar Jibiya ba tukuna. Bashin aya kuwa na biya fiye da rabi, ina kan biyan sauran duk ƙarshen wata.